Cinikin da Waya ke Yi da Caja

Ranar kasuwa a ƙasar Roumbou, can cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, akwai rumfar da mutum ke fara tsayawa tun kafin ya leƙa wurin dabbobi ko layin masu hatsi, ita ce rumfar mai caji. Allon sola na bisa rufi, babban batir na ƙasa cikin inuwa, ga wayoyi jere bisa katako, kowace da igiyarta, kamar awaki a turke. Wanda ya fito daga ruga ko wani ƙauye mai nisa sai ya miƙa salularsa, a liƙa mata lamba, ya shige kasuwa. Lissafinsa guda ne: kafin la'asar, lokacin kama hanyar gida, batir ya cika, don mai yiwuwa sai kasuwa ta zagayo zai sake ganin wuta. Da wannan cikon ne zai ji farashin sa a Dakoro ko Maraɗi, ya saurari saƙon muryar ɗansa da ke ci-rani a Najeriya ko Libiya, ya kuma sami labari in an turo masa kuɗi ta Nita ko Amana.

To amma sai ka ga mutum biyu sun ajiye waya a lokaci guda. Ta ɗaya ta cika tun kafin azahar, ta ɗayan kuwa har la'asar tana rabi. Daga nan zargi ke tashi. Wani ya ce mai caji ne ya cire tasa ya sa ta wani, wani ya ce batir ne ya mutu, wani ya ce cajar ce jabu. Kowanne na iya zama gaskiya, sai dai sau da yawa dalilin yana wani wurin da ido ba ya gani. Duk lokacin da aka jona wayar zamani da caja, wani ɗan ciniki ake ƙullawa cikin ƙiftawar ido tsakanin abubuwa uku: wayar, kan caja, da igiyar da ta haɗa su. Wanda ya fi rauni cikin ukun nan shi ke yanke farashi. Wanda ya gane wannan ciniki ya gane saurin caji gaba ɗayansa.

Ma'auni uku

Kafin a shiga ciniki sai an san mudu. Mutanen Dakoro sun san shato, wato tankin ruwan da ake ɗorawa bisa dogayen ƙafafu. Gwargwadon tsawonsa, gwargwadon ƙarfin da ruwa ke fita da shi a famfo. Wannan ƙarfin turi shi ne misalin abin da ake aunawa da bolt a harkar lantarki. Yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu kuwa shi ne misalin amfiya. In aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wanda ke nuna yawan wutar da ke shiga waya a kowace daƙiƙa. Kan cajar da aka rubuta wa 5V 1A yana ba da wat 5. Mai 5V 2A yana ba da wat 10. Mai 9V 2A yana ba da wat 18. Rubutun nan ƙanana ne a jikin kowane kan caja, kuma sun fi duk wani zanen walƙiya da ke jikin kwali faɗin gaskiya.

Batir kuma jarka ce, tana da iyakar abin da take ɗauka. Yawancin manyan wayoyin Tecno, Infinix, itel da Samsung da ke kasuwanninmu suna da batir mai lamba 5000. Irin wannan batir yana ɗaukar wutar da ta kai wat 19 a yi awa guda ana zubawa. Lissafin sai ya zo da sauƙi. Da kan caja mai wat 5, sai an yi kusan awa huɗu a takarda, a zahiri ma fiye da haka, tun da wani kaso na wutar yana tafiya a zafi. Da mai wat 10, kusan awa biyu a takarda. Da mai wat 18, awa ɗaya da 'yan mintoci a takarda, ko da yake za mu ga abin da ke sa zahiri ya zarce haka. Ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda ta fi yawa a hannun dattawa da makiyaya, batirinta ƙarami ne sosai a kan wannan, shi ya sa kowace caja ke isar ta.

Bakin da ba don caji aka yi shi ba

Abin da ya kamata a sani shi ne, bakin USB da duniya ke caji da shi yau, asali ba don caji aka ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1996 wasu kamfanonin kwamfuta, cikinsu har da Intel, Microsoft da IBM, suka fito da shi don jona wa kwamfuta ƙananan kayan aiki kamar allon rubutu da na'urar buga takarda. Wutar da aka tanadar masa 'yar kaɗan ce: bolt 5, rabin amfiya, wato wat biyu da rabi. Da wannan ma'auni, wayar da muka ambata sai ta kwashe kusan awa takwas kafin ta cika.

A lokacin kowane kamfanin waya da irin bakin cajarsa. Waɗanda suka riƙe waya a shekarun 2000 ba su manta ba: Nokia mai babban baki da mai siririn baki, Motorola da nata, Samsung da nata, har mai caji ya tara tarin igiyoyi iri-iri kamar mai sayar da layu. A 2007 aka fito da ƙaramin bakin nan mai fuska ɗaya da ake kira micro-USB, a 2009 kuma manyan kamfanonin waya suka yi yarjejeniya da Tarayyar Turai cewa za su koma kansa. Sannu a hankali ya mamaye kasuwa, har yau shi ne a jikin wayoyi masu araha, da tocila, da ƙananan rediyo. An kuma yi masa ƙa'idar caji wadda ta ɗaga shi zuwa amfiya ɗaya da rabi, wat bakwai da rabi ke nan. Sai dai fuskar waya ta yi ta faɗi, batir ya yi ta girma, wannan ma'auni ya kasa.

Hanya biyu ta ƙara sauri

Tun da wat ninkin bolt ne da amfiya, mai son ƙara shi hanya biyu gare shi: ko ya ƙara turi, ko ya ƙara yawan abin da ke gudu. Kowace da wahalarta, kuma wahalar sunanta zafi.

Duk zaren ƙarfen da wuta ke bi yana ɗan yi mata tirjiya, tirjiyar nan kuma ita ke zama zafi. Wurin lura shi ne zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya, gaba yake yi da gudu. In aka ninka amfiya sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu. In aka ninka sau uku, zafi ya ninku sau tara. A ɗauki wat 18 misali. In za a tura shi da bolt 5, sai an saki amfiya uku da ɗigo shida. In kuwa aka ɗaga zuwa bolt 9, amfiya biyu sun wadatar. Wuta ɗaya ce ta isa, amma a hanyar farko igiya ta ɗauki zafin da ya ninka na ta biyu fiye da sau uku. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Layin lantarkin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa zuwa Maraɗi yana ɗauke da bolt 132,000, sai a bakin gari ake sauke shi mataki-mataki har ya koma 220 da ake amfani da shi a gidaje. An ɗaga turin ne don kada wutar ta ƙare a hanya.

Kamfanin Qualcomm na Amurka, mai ƙera ƙwaƙwalwar wayoyi da yawa, ya bi wannan hanya da tsarinsa mai suna Quick Charge, wanda ya fara a 2013, daga baya ya ɗaga caji zuwa bolt 9 da 12. Sai dai batirin waya ba ya karɓar irin wannan turi. Shi nasa bai wuce bolt huɗu da 'yan kai ba in ya cika. Dole ne wayar ta sauke wutar a cikin cikinta, saukewar nan kuwa tana haifar da zafi a daidai inda ba a son sa, kusa da batir.

Kamfanin Oppo na ƙasar Sin ya bi ɗaya hanyar. A 2014 ya fito da VOOC, wanda ya bar bolt a kan 5 ya ɗaga amfiya zuwa huɗu. Aikin da ke kawo zafi sai ya koma cikin kan caja, wayar ta huta. Amma wannan sai da igiya mai kauri ta musamman, da kan caja na kamfanin kansa. In ka jona wayar da cajar wani kamfani, sai ta koma tafiyar hawainiya. Haka kowane kamfani ya yi ta ƙirƙiro yarensa, MediaTek da nasa, Huawei da nasa, Samsung da nasa. Baki ya zama ɗaya, harshe ya rarrabu.

Yadda ake ƙulla cinikin

Ƙungiyar kamfanonin da ke kula da ƙa'idojin USB ta nemi maganin wannan rarrabuwa da abubuwa biyu. Na farko yare ɗaya na ciniki, mai suna Power Delivery, a taƙaice PD, wanda ta fitar a 2012. Na biyu sabon baki, USB-C, wanda 'yan kasuwa ke ce wa taif-si, da aka fitar a watan Agusta na 2014. Shi ne bakin nan mai siffar ƙwai da aka matse, wanda ko ta wace fuska ka soka shi zai shiga. Cikinsa akwai ƙananan haƙora 24. Wasu na ɗaukar wuta, wasu na ɗaukar hotuna da saƙonni, akwai kuma layi guda da aka keɓe don magana kawai tsakanin waya da kan caja.

Ga yadda maganar ke gudana. Kan caja mai bakin taif-si ba ya sakin wuta ko kaɗan sai ya tabbatar akwai wanda ya yi sallama. Sallamar wata 'yar ƙaramar alama ce ta lantarki da ke jikin bakin wayar. Da zarar ya ji ta, sai ya saki bolt 5, wanda ba ya cutar da kowace na'ura. Daga nan sai ya baje hajarsa: ina da bolt 5 a amfiya kaza, ina da 9, ina da 15, ina da 20. Wayar ta duba ƙarfinta, ta duba yadda batirinta yake da irin zafin jikinsa, sannan ta zaɓi ɗaya. Kan caja ya ce ya sallama, ya ɗaga wutar, ya aiko da saƙon cewa ta shirya. Sai a lokacin wayar ke buɗe ƙofa sosai. Duk wannan ba ya kai daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa wani lokaci za ka ga waya ta fara nuna caji na yau da kullum, bayan ɗan jim ta sauya zuwa alamar sauri.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, wayar ce ke taya, kan caja sallamawa kawai yake yi. Don haka kan caja na kirki mai wat 65 ba zai ƙona wayar da iyakarta wat 10 ba. Za ta ɗebi goma ɗinta ta bar masa saura, kamar yadda faɗin rijiya ba ya fasa guga. Na biyu, in yarensu bai zo ɗaya ba, babu faɗa, sai su koma kan bolt 5 da kowa ya sani. Wayar za ta cika, amma a makare. Wannan shi ne abin da ya sami mutumin da ya tarar da tasa a rabi da la'asar.

An ci gaba da gyara yaren. A 2017 aka ƙara wani tsari mai suna PPS, wanda ke ba waya damar neman daidai turin da take so, ana hawa ana sauka da ƙananan matakai na kashi biyu cikin ɗari na bolt. Ciniki ya tashi daga sau ɗaya ya koma hira mai ɗorewa: ɗan ƙara, ɗan rage, na ji zafi, sassauta. Da wannan tsarin ne wayoyin Samsung ke cajin wat 25 da 45. A 2021 kuma aka ɗaga iyakar PD daga wat 100 zuwa 240, ta hanyar ƙara matakan bolt 28, 36 da 48, don manyan kwamfutocin tafi-da-gidanka.

Siyasa ma ta sa baki. A 2022 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa daga 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta sai ta kasance da bakin USB-C, kuma in tana cajin da ya wuce wat 15 sai ta iya yaren PD. Kamfanin Apple, wanda ya daɗe riƙe da nasa bakin, ya sauya a iPhone 15 cikin Satumba 2023. Dokar ba ta hau kan Nijar ko Najeriya ba, amma masana'antun da ke yi wa Turai kaya su ne ke yi wa kowa, don haka iskarta tana isowa har Dakoro. Duk da haka, kamfanoni ba su saki yarukansu na gida ba. Infinix, ɗaya daga cikin 'ya'yan kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, tare da Tecno da itel, ya fitar da waya a 2022 mai cajin wat 180. Irin wannan gudu sai da kai da igiyar da suka zo cikin kwalinta.

Igiya, wadda aka raina

Cikin ukun nan igiya ce aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi yawan ɓata ciniki. Mai jan ruwa a dogayen rijiyoyin arewacin Maraɗi ya san cewa ko raƙumi ne ke ja, ko guga ya kai girman me, ruɓaɓɓiyar igiya ba ta fito da ruwa. Igiyar caji ta kirki zaren jan ƙarfe ne mai kauri a ciki. Ta banza kuwa 'yan silalla ne sirara, wani lokaci ma ba jan ƙarfe ba ne zalla, sai a lulluɓe su da roba mai kauri ko saƙa mai ƙyalli don ido ya ruɗu. Siririn zare tirjiyarsa ta fi yawa, haka ma dogo. Kan caja zai tura bolt 5, kafin ya isa waya ya ragu, ita kuwa waya in ta ga turi ya faɗi sai ta rage abin da take ja. Igiya mai tsawon mita uku tana da daɗi ga mai kwance a gado, amma gajera mai kauri ta fi ta cika batir.

A ƙa'idar USB-C, kowace igiya ta gaskiya mai taif-si a kai biyu tana iya ɗaukar amfiya uku, abin da ya kai wat 60 a bolt 20. Wadda za ta ɗauki amfiya biyar dole a saka mata wata 'yar ƙwaƙwalwa cikin kanta, wadda ke gabatar da ita ga kan caja, kamar katin shaida. In babu wannan shaida, kan caja ba zai wuce amfiya uku ba ko da shi da wayar sun fi ƙarfin haka. Ke nan igiyar ma tana da bakin magana a cinikin.

Ba sauri kaɗai muguwar igiya ke ci ba. A 2015 wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya shiga sayen igiyoyin taif-si daga kasuwa yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da yawa sun saɓa ƙa'ida. A farkon 2016 wata da aka haɗa wa zaren ciki a juye ta ƙona masa kwamfuta. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Akwai kuma wani abin da ke rikita mutane: tocila ko ƙaramar rediyo mai bakin taif-si ta ƙi caji da sabuwar caja mai tsada, amma ta karɓa da tsohuwa mai faffaɗan baki. Dalili shi ne masu ƙera ta sun yi tsimi, ba su saka mata alamar sallamar nan ba, shi kuwa sabon kai ba ya buɗe wa wanda bai yi sallama ba.

Ƙura ma tana da nata rabon. Bayan hunturu, ramin cajin waya kan cika da ƙura da zaren aljihu, igiya ta kasa zama daram, haƙoran magana su kasa haɗuwa. Kashe wayar a sa siririn tsinken itace a share a hankali ya kan dawo da saurin da aka ɗauka ya tafi. Allura ko wani ƙarfe kuwa ɓarna yake yi.

Abin da ya sa ƙarshen ke nawa

Ko da komai ya daidaita, lambar da ke jikin kwali ba ta riƙewa daga farko har ƙarshe. Duk yarinyar da ta taɓa cika jarka a famfo ta san dalili. Da fari sai a saki ruwa da ƙarfi, in ya kusa wuya a rage, in ba haka ba ya yi ambaliya. Batirin lithiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, haka yake. Yayin da yake fanko yana shan wuta da yawa. In ya haura rabi sai wayar ta fara sassautawa, daga wajen kashi 80 kuwa sai ɗigo-ɗigo. Tura masa wuta da ƙarfi a wannan gaɓa yana lalata cikinsa, yana iya kumbura shi, har ya kama da wuta. Shi ya sa tallan kamfanoni ke yawan faɗin mintocin da waya ke yi ta kai rabi, su yi shiru a kan sauran rabin. Ga mai sauri a ranar kasuwa, wannan labari ne mai amfani: in waya ta kai kashi 80, jiran sauran ya fi cin lokaci a kan abin da yake ƙarawa, batir ma ya fi daɗewa in ba kullum ake ƙure shi ba.

Sai babban abokin gaba, zafi. Ba a son a yi wa irin wannan batir caji in jikinsa ya wuce digiri 45. A watannin Afrilu da Mayu iskar ƙasar Dakoro kanta tana haura digiri 40 a inuwa, balle wayar da aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano, cikin rigar roba, a tsakiyar wasu wayoyi ashirin da kowace ke fitar da nata zafin. Akwai ma'aunin zafi a jikin batir, da ya ga abin ya yi yawa sai wayar ta koma teburin ciniki ta rage abin da ta taya, wani lokaci ta tsaya cak. Mai ita ya ga kamar caja ce ta lalace, alhali wayar ce ke ceton ranta. A nan karin maganar nan ta sauri ya haifi nawa ta zauna daidai. Cire rigar waya, raba wayoyi da juna, ajiye su inda iska ke ratsawa, da barin kallon bidiyo lokacin caji, duk suna ƙara sauri ba tare da an kashe ko dala ba.

Ɓangaren mai rumfa

A birni ciniki na mutum uku ne, tun da wutar kamfanin lantarki na NIGELEC, in tana nan, ta fi ƙarfin kowace caja. Ko da yake mutanen birni ma sun ɗanɗana, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, sun san darajar wayar da ke cika cikin ɗan lokacin da aka kawo wuta. A karkara irin ta Roumbou kuwa akwai na huɗu a cinikin, shi ne allon sola da batirin mai rumfa.

Saurin caji ba ya rage yawan wutar da waya ke sha, lokacin kawai yake matsewa. Waya ashirin a kan wat 5 kowace suna jan wat 100. Su ashirin ɗin a kan wat 18 suna jan 360 a lokaci guda. In allon bai kai haka ba, daga batir za a cike giɓin. Batir mai bolt 12 da lamba 100 (ma'auninsa daban da na batirin waya), irin mai ruwan asid, a takarda yana ɗauke da abin da zai cika manyan wayoyi wajen sittin, amma in ana son ya yi ƙarko rabinsa kawai ake taɓawa, in aka cire asarar hanya kuma abin da zai rage bai kai talatin ba. Don haka lokacin sakin saurin caji shi ne daga hantsi zuwa azahar, sa'ad da rana ke bisa kai allon ke ba da iyakar ƙarfinsa.

Akwai kuma asarar da ake iya kaucewa. Da yawa suna ɗaukar bolt 12 na batir su ɗaga shi zuwa 220 da inbata, sannan kan caja ya sake sauke shi zuwa 5 ko 9. Kowane juyi yana cin nasa kason, kamar hatsin da ake ta juyewa daga buhu zuwa buhu. Cajar mota mai jonuwa kai tsaye da bolt 12, in ta iya PD, juyi ɗaya take yi. Haka nan akwatin nan mai baki goma ko ashirin, lambar wat da aka rubuta masa ta dukkan bakunan ce a haɗe, in an cika shi da wayoyi sai su raba ta tsakaninsu. Mai rumfar da ya sayi 'yar na'urar awo, wadda ake sokawa tsakanin kai da igiya ta nuna bolt da amfiya, ya huta da gardama. Cikin minti ɗaya zai gane igiyar da ke cin amanarsa, ya kuma nuna wa mai waya da idonsa inda matsalar take.

Saboda haka in kasuwa ta zagayo, mai waya ya zo da kai da igiyar da suka fito daga kwalinta in yana da su, ya roƙi a ajiye masa ita a inuwa. In sayen sabuwar caja ya kama, ya fara sanin wat nawa wayarsa ke ɗauka da yaren da take ji, ya juya kan cajar ya karanta ƙananan lambobin, ya zaɓi igiya gajera daga hannun wanda zai iya komowa gare shi in ta ba da matsala. Makiyayin da zai sayi sa ba ya tsayawa kallon ƙaho, sai ya buɗe baki ya ƙirga haƙora, ya sa an zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Caja ma haƙoranta a rubuce suke a jikinta, ga duk wanda ya tsaya ya duba.